Motar da Ba Ta Tsayawa Sai a Gangara

A kasuwar Malanbil ta ƙasar Binin aka fara cuta ta, kuma da albasa aka yi. Direban da ya ɗauko ni daga Birnin Kebbi, wani mai fara'a da haƙorin Makka, ya zaunar da ni a kan buhuna ya ce in tsare masa kaya, zai je ya dawo mu wuce Faraku, can ne zai fara koya mini tuƙi. Na hakimce ina hararar duk wanda ya matso. Da la'asar wasu mata Dandawa suka zo da 'yan dako suka ce in tashi, albasarsu ce, tun da hantsi suka saya. Na ja ƙafa na leƙa inda ya ajiye mota, ban tarar da komai ba sai tabon baƙin mai a ƙasa. Ashe mai gadin banza ya samu tun daga gida.

Sunana Manu, ɗan Inna Kulu mai fura a bakin titin Gwadangaji. Shan inna ya taɓa mini ƙafar hagu tun ina rarrafe, ta tsuke ta ƙi girma da 'yar'uwarta. Ina tafiya da ita, har kwando nakan ɗauka, amma ba ta iya danna abu mai tauri. Shekarar da aka ba mu jiha, garin ya cika da sababbin motoci, kowace ma'aikata tana neman direba, ni kuwa tun ina yaro ba abin da nake mafarki sai sitiyari. Na zagaya garejin garinmu kaf. Kowa ya dubi ƙasa, ya dubi fuskata, sai ya ce, "Manu, kuloci ƙahwar hagu shika so. Je ka koyi ɗinki." Zuciya ta ɗebe ni. Da mai haƙorin Makka ya ce a ƙasar Binin ba a duban ƙafa, ko shawara ban yi ba.

Ɗaya daga cikin matan nan, wata doguwa mai taba a leɓe, ita ta ga na rasa inda zan sa kaina. Ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin Dandanci ko kaɗan. Ta nuna mini gindin rumfarta, ta turo mini kwanon shinkafa da wake, washegari ta zube mini albasa ta nuna in ware ruɓaɓɓu. Haka na zauna wurinta har damina ta sauka. Da yamma nakan je bakin kogin Kwara in zauna ina kallon gada, motoci suna haurawa Gaya, hanyar gida, ina raka kowace da ido har ta ɓace. Na san in na bi ɗaya, kafin rana ta faɗi gobe ina shan furar Inna. Amma in koma in ce me? Kunya ta fi yunwa ciwo a lokacin. Ranar da zan wuce gaba, matar ta ƙulle mini gari da sukari a leda, ta dafa kaina ta faɗi wata magana mai tsawo. Har yau ban san abin da ta ce ba, na dai ce amin.

A Faraku wankin mota na samu. Garejin manyan motoci ne na masu jigilar auduga da doya, mutane iri-iri, harsuna kamar kasuwar tsuntsaye. Sakwara ce safe da yamma, har na fara mafarkin tuwon shinkafar fadama, in farka ina tauna iska. Abin da ya riƙe ni a wurin ɗaya ne. In na gama wanke mota, kafin mai ita ya dawo daga cin abinci, sai in hau in zauna a kujerarsa in kama sitiyari. Ruwa yana gangarowa a gilashi, ni kuwa na riga na wuce Kandi, na haura gada, ina shiga Gwadangaji da oda, yara suna gudu suna Manu ne, Manu ne. Sai ƙafata ta laluba kuloci, in danna, ya ƙi motsi. Nan mafarkin ke yankewa kullum, in sauko in ɗauki bokitina.

Bayan garejin akwai wani tudu, a kansa kuma wata tsohuwar mota mai bodin katako da ba ta taɓa kwana cikin sauran ba. Kullum tana can ita kaɗai, hancinta a gangare, an tokare tayarta da dutse. A goshinta an taɓa zana kifi, fentin ya koɗe, an rubuta Giwar Ruwa. Wata rana ina wucewa na ji ana faɗa da murfin tanki da harshen garinmu.

"Kai wanga abu, mi niy yi maka? Buɗe mana, ɗan nema!"

Na tsaya cak, kamar na ji muryar mamaci. Wani tsoho ne siriri, tsagar Kabawa ta cika masa kumatu. Na yi sallama. Ya juyo, bai dube ni sosai ba, sai ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Sake hwaɗi in ji."

Na sake.

"Birnin Kabi," in ji shi. "Ko Ambursa?"

"Gwadangaji, Baba."

"To, ni Argungu. Taho ka buɗe min wanga la'ananne, hannunka ya hi nau sabo."

Baba Arzika ke nan. Ɗan masunta ne, ya zo ƙasar nan da lodin busasshen kifi tun yana da baƙin gashi, da niyyar shekara guda. Yau da gobe ta yi aikinta. Ya yi aure a nan, matar ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, ya rage daga shi sai Giwar Ruwa. Da na ba shi labarin ƙafata da abin da ya fito da ni, na sa ran zai ce in je in koyi ɗinki. Sai ya fashe da dariya har da tari, ya kama hannuna ya kai ni ƙofar direba ya ce in taka kulocin. Na taka. Ya tafi ƙasa salab, kamar na taka tsumma.

"Wanga ya mutu tun kana shan nono," ya ce. "Ita ba ta da kuloci, kai ba ka da ƙahwatai. Wa ya kai ku dacewa?"

Sai daga baya na gane ba tausayi kaɗai ya sa ya ɗauke ni ba. Idonsa ne ke tafiya. Wani hazo ya fara rufe masa gefe-gefe, tsakiyar ma sai da rana tsaka take yi masa aiki. Bai gaya wa kowa a gareji ba, don ranar da aka sani ranar za a daina ba shi lodi. Ni na zama idonsa, ina gaya masa ga rami, ga keke, ga akuya. Shi kuma ya ce zai ba ni kunnensa.

Darasin farko ba a mota aka yi ba. Ya samo kwalbar lemo, ya zuba ruwa zuwa rabi, ya hura bakinta. Wani sauti ya fito mai kauri, huuu, a hankali.

"Ka ji ta? Riƙe ta ga kunnenka. In injin ya sauko ga wagga murya, ƙohwa ta buɗe."

Ya ce tun yana yaro ya san muryar. A bakin gulbin garinsu, in masunta suka fito suka jera manyan gorunansu na su a gaci, iskar yamma takan bi ta bakin gorunan su riƙa wannan kukan. Ranar da kulocin ya mutu masa a dajin Jugu, ba makanike ba gari, yana ta fama da giya tana gurnani, sai ya ji injin ya sauko daidai kan kukan goran nan, hannunsa ya tura, ta shige. Tun daga ranar bai sake neman gyara ba.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Da safe za a tayar da injin mota tana firi, a cire dutsen, a saki birki, ta fara gangarawa da kanta. In ta ɗan yi gudu, sai ka jingina sandar giya a bakin lamba biyu, ba turawa ba, jinginawa kawai, har ta karɓa. Shi ya sa ba ta kwana sai a tudu. In kana tafiya kuma za ka ƙara giya, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali. Akwai wani ɗan lokaci, ƙiftawar ido, da injin ba ya jan mota, mota ba ta jan injin. A nan sandar takan fito firi da yatsa biyu. Sai ka jira muryar injin tana saukowa, tana saukowa, har ta iso kukan kwalba, ka jingina, ta shige ba ƙara. In ragewa za ka yi don hawa tudu, ka fito firi, ka ba ta wuta kaɗan muryar ta tashi, ka tare ta a hanya.

Faɗi ya fi yi sauƙi. Na sa Giwar Ruwa ta yi kukan da har awakin ƙauye suka watse. Duk sa'ad da giya ta yi ƙarrr, Baba yakan dafe haƙoransa kamar nasa aka kankare.

"Manu! Dambe kaka yi da ita? Ba a tilasta mata, roƙonta aka yi. Kai ko zawarci ba ka iya ba."

Ni kuma da zuciya, in ce ai motar ce ta tsufa. Ya ce ta tsufa ɗin, amma ba ta taɓa zagin kowa ba sai yau. Wani lokaci in yi fushi in sauka in zauna a gindin itace. Ba ya rarrashi. Sai dai in ji huuu daga cikin mota, yana hura kwalbarsa, har in gaji da fushin in dawo.

Ranar da giya ta fara shiga mini, muna kan hanyar wani ƙauyen doya da sassafe, raɓa a kan ciyawa, hanya ja wur ba kowa. Ban ma shirya ba. Hankalina yana gida, ina tunanin ko Inna ta gama daka. Hannuna ya fitar da sandar, kunnena ya jira, ta shige lamba uku kamar cokali a cikin kunu. Motar ta miƙe ta yi shiru, itatuwa suna wucewa a hankali, na ji kamar ba a ƙasa muke ba. Na dubi Baba. Idonsa a rufe. Sai da muka yi nisa ya ce, "Wa kaka tunani?" Na ce Inna. Ya ce, "To, riƙa tunaninta."

Damina biyu muka yi tare. Ya bi ta hannun mutanensa ya samo mini takardar tuƙi, ya koma kujerar gefe gaba ɗaya. A gareji aka daina ce mini mai ƙafa, aka koma direban Giwa. Da rana in muka tsaya a inuwa, shi labarinsa ɗaya ne, gulbi. Yadda ruwan Matan Fada yake yin fari da yamma kamar an shimfiɗa azurfa, da wata ƙatuwar tsamiya da ake ɗaure jirage a gindinta, da ƙanwarsa Hajo da ya bari tana budurwa. Na ji labarin tsamiyar nan har na san rassanta. In na ce, "Baba, mu tafi mana," sai ya ce bari a gama kakar auduga, bari a gama ta doya.

Wata safiya na kawo masa koko, ya miƙa hannu ya kama iska. Ya sake miƙawa, ya sake kuskure. Na ɗora masa ƙoƙon a hannu. Sai da rana ta ɗaga sosai ya fara rarrabe ni da bango.

"Manu," ya ce, "abin da nig gani jiya, yau babu rabinai. Ban roƙon Allah shi maido min ido, na ga duniya ta ishe ni. Gulbi nika so in gani, sau guda, da wanga ɗan da yar rage. Kai ni gida."

Ban taɓa jin tsoro da murna sun haɗu mini wuri guda kamar ranar ba. Muka zuba 'yan buhunan gari da doya don kada ya shiga wa Hajo hannu rabbana, muka cire dutse, Giwar Ruwa ta gangara ta fuskanci arewa.

A Kandi muka yada zango, a nan ne kuma na yi wauta. Na ce tafiya mai iyaka biyu, tsaye-tsaye da yawa, gara a duba kulocin nan ko zai tashi. Baba ya ce a bar shi, na nace. Wani makanike mai zaƙin baki ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya buɗe nan ya rufe can, ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga Kwatano, amma ya ɗaɗɗaure mana abin da ya samu. Har godiya na yi masa. Da safe na murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba. Na buɗe akwatin batir, sai ga wani tsohon batir mai farin gishiri a kai, namu ya yi ƙafa. Rumfar makaniken a rufe, maƙwabta suka ce ya tafi ƙauye biki.

Na zauna a ƙasa na riƙe kai. Baba kuwa ya ɗaga fuska sama yana neman rana, na ga yadda yake juya kai kafin ya same ta.

"Bar kuka, ba mu da lokacinai," ya ce. "Tara min mutane. In ta tashi, ba mu kashe ta sai Argungu."

Masu jiran motar kasuwa ne suka taimake mu, mutanen da ba su san mu ba. Na sa ta a giya tana kashe, suka taru a baya har da wani mai rawani da wata mai goyo, suka tura ta a gangaren da muka kwana. Ta yi tsalle, ta yi tsalle, ta yi aman baƙin hayaƙi, ta kama. Ban iya tsayawa na gode musu ba. Na dai fitar da hannu ta taga, na gan su a madubi suna ɗaga nasu cikin hayaƙi.

Daga nan tafiyar ta zama wani abu da har yau in na tuna sai in rasa ko a farke na yi ta. Injin yana waƙarsa, ni ina bin muryar, sandar tana shiga tana fita, ban ji ƙarrr ko sau ɗaya ba. Gonakin auduga suka ƙare, ƙasa ta fara yin fari, kuka da gawo suka fara fitowa ɗaya-ɗaya kamar dangi sun taho tarye. A Malanbil na duba rumfar matar nan mai taba a leɓe, na hango wata doguwa tana auna albasa, ban tabbata ita ce ba. A bakin gada dole muka tsaya, injin yana kunne. Wani jami'i ya zo da fuska a murtuke yana tambayar dalilin da ba zan kashe mota ba. Baba ya yi masa bayani da Dandanci. Mutumin ya leƙo ya dubi idon tsohon, ya daɗe yana dubawa, sai ya miƙo takardunmu, ya kira abokan aikinsa. Da kakinsu suka tura mu har muka hau gada. A Gaya 'yan dako suka tura, a Kamba masu canji da masu sayar da rake. Mota guda, ƙasa uku suka sa mata hannu a yini ɗaya.

Muna kan gada na ce, "Baba, ga Kwara." Ya ce, "Ba shi nika nema ba. Ban ɓata idona ga ruwan wasu." Ya ja hularsa ya rufe fuska, wai yana tanadin abin da ya rage.

La'asar ta yi mana a Birnin Kebbi. Garin ya canza, ga sababbin gine-gine, ga allunan ma'aikatu, ga motocin gwamnati da direbobinsu sun ɗora gwiwar hannu a taga. Na ratsa su da lamba biyu ina addu'a kada wani ya tare mini hanya. Rana ta riga ta karkata, inuwar motar ta yi tsawo a gefe. Na lissafa a raina, in ba mu tsaya ko'ina ba, za mu iske ta a kan ruwa. In muka tsaya, sai dai gobe, goben da Baba ba shi da tabbacinta.

Sai ga Gwadangaji. Ga masallacin unguwarmu, ga rijiya, ga dogon yaron bakin titi. A gindinsa kuwa ga Inna, zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne, ƙwaryar fura a gabanta, tana kore ƙuda da faifai. Ta rame. Zanen da ke jikinta na san shi. Ƙafata ta tashi daga totur da kanta, hannuna ya fitar da giya firi, motar ta fara lallaɓawa.

Wurin shimfiɗe yake kamar tabarma, ba gangara ko ta taki ɗaya. Maza duk suna fadama, ba mai turi. Kuma ko da akwai, wa zai shekara biyu da ɗoriya ba ya gida, ya gaida uwarsa a tsaye ya ce sauri yake yi? Za a yi kuka, a kawo ruwa, maƙwabta su cika, magariba ta yi.

Baba ya ji muryar injin ta faɗi. Ya ɗaga hular.

"Garinku na?"

"I, Baba."

"Tana nan?"

"Ga ta can."

Ya juyo wajena. "Tsaya, ɗana. Uwa ta hi gulbi. Gobe ma rana ta."

Da ya ce in wuce, wataƙila da na tsaya, don ni mutum ne mai gardama. Amma na dubi idanunsa, sun yi fari kamar ruwan shinkafa, yana kallon inda ba ni ba. Motar tana gab da mutuwar gudu. Na ba ta wuta kaɗan, muryar ta tashi, na tare ta, lamba biyu ta shige. Muka wuce Inna a hankali, kusa har ina ganin ƙullin furar. Ta ɗago ta dubi motar. Ko oda ban iya dannawa ba. Daga nan har Ambursa hanya a cikin ruwa na gan ta, ina sharewa da hannun riga. Baba ya ɗora hannunsa a kan gwiwata ta hagu ya bar shi a nan.

Mun shiga Argungu rana tana saman itatuwa. Shi ya riƙa nuna mini hanya da ka, bi nan, karya dama, kamar jiya ya fita. Hanyar ta gangara zuwa gulbi, na sa ta firi, ta silale da kanta har ƙasa ta fara laushi. Na taka birki. Na ja abin kashewa, Giwar Ruwa ta yi ajiyar zuciya ta yi shiru, karo na farko tun Kandi.

Na sauko da shi, na riƙe masa hannu har gaci, gurgu yana jan makaho, masu wanki suna kallonmu. Na juya shi ya fuskanci yamma. Rana ta kwanta a kan ruwan, ya yi fari fat yana ƙyalli, har ni sai da na kanne ido. Baba ya buɗe nasa iyakar buɗewa. Ya daɗe a haka.

"Tsamiya tana nan?" ya ce.

Na duba. Ba tsamiya, sai wani kututture da aka ɗaure jirgi a jikinsa.

"Tana nan, Baba. Ga jirage a gindinta."

Ya yi murmushi. "Ƙarya kaka yi, Manu. Da tana nan da na ji tsuntsaye." Ya matse hannuna. "Amma ruwan, na gane shi. Wani hwarin abu na mai motsi, awa an girgiza azurhwa. Shi na. Ya ishe ni."

Iskar yamma ta taso. A can gefe wasu masunta sun fito sun jera gorunansu suna nannaɗe taru, sai na ji ta, huuu, a hankali, mai kauri, muryar da na shekara biyu ina nema a cikin ƙarfe. Hannuna na dama ya motsa da kansa yana neman sandar giya. Muka tsaya har hasken ya ɗauke daga kan ruwan, sannan ya ce in tambaya masa gidan Hajo.

Kwana kaɗan bayan haka ko ranar tsaka bai ƙara gani ba. Amma wannan daga baya ne. Washegari da asuba matasan unguwar Hajo suka tura mini mota, Baba ya ce in tafi da ita, ta gaji da tsoho. Na iso Gwadangaji da hantsi, na tsayar da ita a filin nan marar gangara, ban damu da wanda zai tura ba. Inna tana gindin dogon yaro. Ba ta yi ihu ba, ba ta tashi ba. Na durƙusa a gabanta.

"Na gane ka jiya," ta ce. "Ka karkata kai awa ubanka in shina sauraren kiran salla. Nic ce, wanga da yaw wuce ni bai tsaya ba, amana ag gare shi."

Na ba ta labari tun daga albasar Malanbil har bakin gulbi, tana dama fura ba ta katse ni ba. Ba ta tambayi mota ba, ba ta tambayi yadda aka yi gurgunta ya zama direba ba. Da na gama ta miƙo mini ludayi, ta riƙe shi ba ta saki ba.

"To, ya ga ruwan?"

"Ya gani, Inna."

Sai ta sakar mini ludayin, ta ja bakin zanenta ta rufe fuska.